Mece Ce Bangaskiya, Kuma A Kan Me Ta Tsaya?

Wata rana mun je gaisuwar ta'aziyya gidan wata 'yar'uwa daga cikin zumuntar mata. Ɗanta na fari ne ya rasu, yaro ɗan shekara 11, bayan jinyar wata uku. Ikkilisiya ta yi addu'a, matan zumunta sun yi azumi, an kuma kwantar da shi a asibiti har sau biyu. Da muka gama addu'a muka tashi za mu tafi, sai ta biyo mu har zaure, ta rage murya ta ce, "Baba Fasto, ina da tambaya. Wani mai addu'a ya ce mini da bangaskiyata ta kai, da yaron nan bai mutu ba. Ni ce na kashe shi ke nan?"

Wannan baiwar Allah tana ɗauke da baƙin cikin rashin ɗa, sai aka ƙara mata wani kaya a kai, aka kuma ƙara shi da sunan Allah. Ba ita kaɗai ba ce. A cikin majami'unmu akwai masu ciwon da ya ƙi warkewa, da matan da ba su sami haihuwa ba, da matasan da suka gama makaranta shekara da shekaru babu aiki, kuma da yawansu sun ji irin wannan magana. Saboda haka tambayar mece ce bangaskiya ta wuce darasin ajin baftisma. Wanda ya fahimce ta a karkace zai yi rayuwar Kirista cikin fargaba, ko kuwa wata rana ya yi fushi da Allah ya bar sujada gaba ɗaya.

Abin da kalmar kanta take faɗi

Bari mu fara da harshenmu. Kalmar bangaskiya haɗi ce ta "ban" da "gaskiya", kamar yadda muke cewa ban girma, ban kwana, ban ruwa, ban haƙuri. Ma'anarta ba da gaskiya. Ai kuwa ba a ba da abu a iska, sai ga wani. Idan ka ba mutum gaskiya, ka yarda ke nan cewa abin da ya faɗa haka yake. Tun daga ginin kalmar muna ganin cewa akwai mai bayarwa, akwai kuma wanda ake ba. Nauyin maganar yana wajen wanda aka ba gaskiyar.

Harshen Ibraniyanci, wanda aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, yana da wani tushen kalma mai nufin abin da ya kafu daram, wanda za a iya jingina a kansa ba tare da ya gushe ba. Daga wannan tushe ne aka sami kalmar gaskatawa, da kalmar amincin Allah, da kuma "Amin" da muke rufe addu'a da ita. Larabci ɗan'uwan Ibraniyanci ne, yana da wannan tushen shi ma, kuma ta hanyarsa ne Hausa ta sami kalmomin amana, aminci, amini da imani. Wanda ya taɓa ba wani ajiyar kuɗi ko ta hatsi ya yi tafiya, ya riga ya san rabin darasin nan. Ba ka barin amanarka a hannun mutum don zuciyarka tana da ƙarfi. Kana barinta ne don ka san halinsa.

A Sabon Alkawari kuma, wanda aka rubuta da Helenanci, akwai wani abin lura a Bisharar Yahaya. Yahaya ya yi amfani da aikatau na "gaskatawa" kusan sau 100, amma ko sau ɗaya bai yi amfani da sunan "bangaskiya" ba. A wurinsa abu ne da mutum yake yi, yana fuskantar Yesu. Bai ɗauke ta kamar wani kaya da ake tarawa a rumbu, a riƙa aunawa da mudu a ga wa ya fi wani ba.

Sani, yarda da dogara

Malaman tauhidi na zamanin gyaran ikkilisiya sun lura cewa bangaskiya mai ceto tana da sassa uku, kuma rabon nasu yana taimakawa har yau.

Da fari akwai sani. Ba wanda zai gaskata da wanda bai taɓa jin labarinsa ba, kamar yadda Manzo Bulus ya nuna a Romawa sura 10, inda ya ɗaure bangaskiya da jin maganar Almasihu. Shi ya sa muke wa'azi, muke koyar da yara a makarantar Lahadi, shi ya sa kuma aka sha wahalar fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi cikakke a 1932. Bangaskiyar Kirista tana da abin da ta ƙunsa: wane ne Allah, me ya faɗa, me ya aikata.

Sai yarda, wato mutum ya amince cewa abin da ya ji gaskiya ne. Amma Yakubu a sura 2 ta wasiƙarsa ya ja mana kunne cewa aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Tauhidin aljanu daidai yake, bai kuwa cece su ba.

Na uku shi ne dogara, nan kuwa ya kamata mu ɗan dakata. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda ake yasar rijiya da rani. Ana ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a zura shi a hankali har ya kai ƙasa. Mutanen da suke tsaye a bakin rijiyar duka sun ga igiyar, wataƙila duka sun yarda cewa tana da ƙwari. Amma mutum ɗaya ne ya sake ƙafarsa daga ƙasa ya bar dukan nauyinsa a kanta. Shi ne ya dogara.

To, mu ɗauka mutum biyu ne. Na farko jarumi ne, ya shiga rijiya ya fi sau hamsin, ko gezau ba ya yi, amma igiyar da aka ɗaura masa gara ta ci ta daga ciki. Na biyu yaro ne sabon shiga, jikinsa na ɓari, yana ta kiran a yi a hankali, amma igiyarsa sabuwa ce fil. Wanne ne zai fito lafiya? Ƙarfin zuciyar na farko ba zai ƙara wa ruɓaɓɓiyar igiya ko zare ɗaya ba, tsoron na biyu kuma ba zai rage wa sabuwar igiya ƙarfi ba. Da yawa daga cikin koyarwar da ke yawo a yau tana sa mutane su yi ta duban ƙarfin zuciyarsu. Littafi Mai Tsarki yana sa mu dubi igiyar. Tambaya ta fari ita ce, wa ka dogara gare shi, kuma ya isa ya riƙe ka?

Allah mai cika alkawari

Ana kiran Ibrahim uban masu bangaskiya, don haka ya kamata mu karanta labarinsa yadda Littafin Farawa ya ba da shi, domin labarin da muke ba yara sau da yawa mukan share masa ƙura.

Yana da shekara 75 ya bar Haran bisa ga kiran Allah, da alkawarin ƙasa da zuriya. Ishaku bai zo ba sai da Ibrahim ya cika shekara 100. Shekara 25 ke nan yana jira. A cikin waɗannan shekaru me ya faru? Da yunwa ta kai shi Masar, tsoro ya sa ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce, har aka ɗauke ta zuwa gidan Fir'auna. Daga baya ya sake yin haka a Gerar a gaban Abimelek. Da jira ya yi tsawo, shi da Saratu suka nemi su taimaki Allah ta wurin Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86. Da Allah ya sake jaddada masa alkawarin yana da shekara 99, sai ya faɗi rubda ciki ya yi dariya. Saratu ma ta yi tata dariyar a bayan ƙofar alfarwa, ta kuma yi musun ta yi. Sunan Ishaku kansa ma'anarsa dariya. Kullum aka kira yaron nan a tsakar gida, ana tuna wa iyayensa ranar da suka ga abin ya fi ƙarfin hankali.

Idan da ƙarfin zuciyar Ibrahim ne ke riƙe da alkawarin, da tuni ya tsinke tun a Masar. Abin da ya riƙe shi yana cikin Farawa sura 15. A nan ne aka rubuta cewa Ibrahim ya gaskata Ubangiji, aka kuwa lasafta masa wannan a matsayin adalci. Amma mu ci gaba da karanta surar. Bayan wannan aya Ibrahim ya sake tambaya ta yaya zai tabbata zai gāji ƙasar. Allah bai tsawata masa ba. Ya sa shi ya kawo karsana, da akuya, da rago, da kurciya da ɗan tattabara. Ya tsaga dabbobin biyu biyu ya jera su suna fuskantar juna. A al'adar wancan zamani, masu ƙulla alkawari sukan bi ta tsakanin tsagaggun dabbobin, ma'ana duk wanda ya karya alkawarin abin da ya sami dabbobin nan ya same shi. Irmiya sura 34 ta ambaci wannan al'ada. Amma a daren nan barci mai nauyi ya ɗauke Ibrahim, sai ga tanderu mai hayaƙi da harshen wuta sun ratsa ta tsakani. Allah ne kaɗai ya bi ta wurin. Ya ɗora wa kansa nauyin alkawarin, Ibrahim kuwa yana kwance.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. A nan Allah ya ɗauki kayan shi kaɗai. Marubucin Ibraniyawa a sura 6 ya yi bayani cewa mutane sukan rantse da wanda ya fi su, amma da yake babu wanda ya fi Allah, sai ya rantse da kansa. Tushen bangaskiya na fari ke nan: halin Allah, wanda ba ya ƙarya, ba ya kuma sāke magana. Bulus a Romawa sura 4 ya ce Ibrahim bai rufe ido ga tsufan jikinsa da na Saratu ba. Ya dubi abin yadda yake, sa'an nan ya auna shi da ikon wanda ya yi alkawarin. Wannan ya kamata ya gyara mana wata al'ada da ta shigo, inda ake hana marar lafiya ya ce ba shi da lafiya, wai kada ya furta mugun abu a kansa. Ibrahim ya san ya tsufa, ya faɗa kuma. Bangaskiya ba ta bukatar mu yi wa kanmu ƙarya.

Abin da ya faru a Urushalima

Alkawaran Allah duka sun taru a kan mutum ɗaya, Yesu Almasihu, da kan abin da ya faru da shi a wani gari sananne, a wani lokaci sananne. Wannan ya raba bangaskiyar Kirista da tatsuniya. Tatsuniya takan fara da gatanan gatananku, ba wanda yake tambaya a wace shekara gizo ya yi abin. Luka kuwa, da zai fara labarin hidimar Yahaya Maibaftisma a sura 3, sai ya kawo shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, ya jera sunayen gwamna da sarakuna da manyan firistoci na lokacin. Buntus Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36. A 1961 masu tonon kayan tarihi sun sami wani dutse a Kaisariya, a bakin teku, ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba Kirista ba ne, ba ya ma ƙaunar Kirista, ya rubuta a farkon ƙarni na 2 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Tibariyas. Mu lura kuma cewa a cikin shaidar bangaskiya ta manzanni da muke furtawa a sujada, ban da Ubangiji kansa sunayen mutane biyu ne kawai suka fito, Maryamu da Bilatus. Ikkilisiyar fari ta sa sunan wannan gwamna a bakinmu don kada mu manta cewa muna maganar abin da ya auku ne a tarihi.

Wajen shekara ta 55 Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti wasiƙarsa ta fari daga Afisa. A sura 15 ya tuna musu abin da shi ma ya karɓa daga waɗanda suka riga shi: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya kuma bayyana ga Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda. Ya ƙara da cewa yawancinsu suna da rai a sa'ad da yake rubutun. Shekara 25 kacal ko kusa da haka ke tsakanin gicciyen da wasiƙar. Duk mai shakka a Koranti yana iya shiga jirgin ruwa ya je ya tambaya.

Sa'an nan Bulus ya faɗi maganar da ya kamata kowane Kirista ya yi tunani a kanta. Ya ce idan ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu sauraronsu ma banza ce, har yanzu suna cikin zunubansu. Bai ce ko da bai tashi ba, tun da gaskatawar tana kwantar muku da hankali ku ci gaba ba. A wurin Bulus, bangaskiya mai zafi a kan kabarin da gawa take ciki ba ta da amfanin kome. Igiyar ce dai.

Wani zai ce ai gani ya kori ji, mu kuwa ba mu gani ba. Toma ma haka ya ce. Yesu ya nuna masa hannuwansa da kuiɓinsa bayan kwana takwas, ya kuma sa albarka ga waɗanda za su gaskata ba tare da sun gani ba. Sau da yawa ana ɗaukar wannan kamar Yesu yana yabon gaskatawa ba dalili. Amma Toma ba ya rasa dalili. Abokansa da ya yi shekara uku yana cin tuwo da su sun shaida masa sun ga Ubangiji, ya ƙi shaidarsu. Mu ma a kan shaidar waɗanda suka gani muke tsaye, kuma yawancin abin da muka sani a duniya haka muka san shi. Ba wanda ya ga ranar haihuwarsa da idonsa, uwarsa ce ta gaya masa. Abin dubawa shi ne ko shaidun amintattu ne. Waɗannan shaidu kuwa ba su sami kuɗi ko sarauta a kan shaidarsu ba. Bulala suka samu da kurkuku, waɗansunsu har da takobi, ba su kuwa janye ba.

Hannun da yake karɓa

Idan tushen yana wajen Allah da aikin Almasihu, to mene ne aikin bangaskiya? Aikinta karɓa. Kamar hannun mayunwaci ne da aka miƙa masa abinci. Hannun bai dafa ba, bai saya ba, ba kuma zai yi fahariya ba. Afisawa sura 2 ta koya mana cewa ceto ta wurin alheri yake, ta hanyar bangaskiya, kuma dukan abin baiwar Allah ce domin kada kowa ya yi taƙama.

Wannan gaskiya ce ta tayar da gyaran ikkilisiya a Turai. Martin Luta, wani firist a ƙasar Jamus, ya yi shekaru yana azumi da furta zunubi da wahalar da jikinsa, amma lamirinsa bai huta ba, domin kullum yana tambayar kansa ko abin da ya yi ya isa. A 1515 da 1516 ya koyar da Littafin Romawa a jami'ar Witanbag. Cikin nazarinsa na wasiƙun Bulus ya gane cewa adalcin Allah da bishara take bayyanawa kyauta ce da Allah yake ba mai gaskatawa. Ayar da Bulus ya kafa hujja da ita a Romawa sura 1 daga annabi Habakuk ta fito, kuma Sabon Alkawari ya ɗauko ta har sau uku, a Romawa, da Galatiyawa, da Ibraniyawa. A 1517 Luta ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar sayar da takardun gafara.

Muna kawo wannan tarihi ne domin kasuwar ba ta tashi ba, kaya kawai aka sauya. Yau ana sayar da mai, da ruwa, da hankici, ana kuma cewa ka shuka iri na kuɗi kaza don a buɗe maka ƙofa. Idan abin bai yi ba, sai a ce laifin bangaskiyarka ne, ka ƙaro. A ganinmu wannan ba shi da bambanci da zuwa wurin boka, sai dai an sa masa sunan Yesu. Boka yana cewa ka cika sharaɗi, aljani zai yi maka aiki. Duk koyarwar da ta mai da bangaskiya wani ƙarfi da mutum zai murɗa hannun Allah da shi, ta mai da Ubangiji bara, mai addu'a kuma maigida.

Amma ai Yesu ya yi maganar ƙarancin bangaskiya

Gaskiya ne, kuma bai kamata mu kauce wa wannan ba. Ya gaya wa matar nan mai zubar jini na shekara 12 cewa bangaskiyarta ce ta warkar da ita. A Nazarat bai yi mu'ujizai da yawa ba saboda rashin gaskatawarsu. Ya kuma tsawata wa almajiransa a kan ƙarancin bangaskiya ba sau ɗaya ba. Allah yana jin daɗi mu roƙe shi da gaba gaɗi, kuma muna gaskata yana warkarwa har yau. Muna yi wa marasa lafiya addu'a, za mu kuma ci gaba.

Sai dai mu karanta duka. Mutanen Nazarat ba masu rauni ba ne da suka zo suna rawar jiki. Sun raina shi ne, suka ce ai ɗan masassaƙin nan ne, suka ƙi shi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya juya wa Yesu baya da wanda ya zo wurinsa da rarrafe. A Markus sura 9 wani uba ya kawo ɗansa mai farfaɗiya, ya ce ya gaskata, a cikin numfashi guda kuma ya roƙi a taimake shi a kan rashin gaskatawarsa. Yesu bai ce ya koma gida ya ƙaro ba, ya warkar da yaron. Gurgun nan na bakin tafkin Betasda, wanda ya yi shekara 38 a kwance, bai ma san sunan wanda ya warkar da shi ba. Gwauruwar Nayin ba ta roƙi kome ba, kuka kawai take yi a bayan makara. Da manzanni suka roƙi Yesu ya ƙara musu bangaskiya a Luka sura 17, sai ya ba su misali da ƙwayar mastad, wadda ba ta kai ƙwayar riɗi girma ba. Ya ɗauke hankalinsu daga batun yawa.

Ayyukan Manzanni sura 12 ta sa labari biyu gefe da gefe. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya ya kashe shi da takobi. Sa'an nan ya kama Bitrus, ikkilisiya ta dukufa da addu'a, mala'ika ya fitar da shi da dare. Da Bitrus ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake addu'ar, wata yarinya mai suna Roda ta gane muryarsa, ta ruga ciki da murna ta manta ba ta buɗe ba. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Da ta nace, suka ce to mala'ikansa ne. Ga mutanen da suke roƙon a saki Bitrus, an sake shi, sun ƙi yarda. Da auna bangaskiyarsu Allah ya yi kafin ya amsa, da Bitrus ya kwana a sarƙa. Yakubu kuma fa? Wa zai ce an kashe shi ne don bangaskiyarsa ba ta kai ta Bitrus ba?

Ibraniyawa sura 11, wadda muke kira surar jarumawan bangaskiya, ita ma haka take. Mun fi son rabinta na fari, inda aka ci mulkoki, aka rufe bakin zakoki, aka tsere wa kaifin takobi, mata suka karɓi matattunsu da rai. Amma ba tare da an ja numfashi ba marubucin ya ci gaba da waɗansu da aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, suka yi yawo saye da fatun tumaki da na awaki, suna ɓuya a kogwanni. Ya ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Waɗanda suka tsere wa takobi da waɗanda takobi ya ci, jeri ɗaya aka sa su. Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa har sau uku, aka ba shi alheri a maimakon cirewa. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon, ya miƙa kai ga nufin Uba, aka kuwa gicciye shi washegari. Ba mai cewa bangaskiyarsa ce ta gaza.

Abin da za mu iya tsayawa a kansa shi ne abin da Allah ya yi alkawarinsa. Ya yi alkawarin gafara ga duk mai zuwa wurinsa ta wurin Almasihu. Ya yi alkawari ba zai bar mu ba, zai ba da Ruhunsa, zai ta da matattu a rana ta ƙarshe ya share hawaye. Bai yi alkawari cewa kowane ciwo zai warke kafin wannan rana ba. Wanda ya sa wa Allah magana a baki, sa'an nan ya zargi mai makoki don maganar ba ta cika ba, ya yi wa Allah ƙarya, ya kuma zalunci ɗan'uwansa.

Yadda ake gane ta, da yadda take girma

Kada wani ya ji wannan ya ce to shi ke nan, sai mu naɗe hannu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wanda ya dogara ga igiya yakan shiga rijiyar. Nuhu ya sassaƙa jirgi, Ibrahim ya bar garinsu, Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri. Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba matacciya ce, misalin da ya bayar kuwa na ɗan'uwa ne da ba shi da tufa ko abinci, aka sallame shi da fatan alheri kawai. Bulus da Yakubu ba sa faɗa da juna. Bulus yana maganar saiwar itace, Yakubu yana maganar 'ya'yansa. Ɗan kasuwar da ya ƙi tauye mudu ko da riba za ta ragu, da ma'aikacin da ya ƙi cin hanci alhali albashi bai isa ba, da matar da ta ƙi ɗaura wa jaririnta laya duk da matsin dangi, suna nuna wanda suka dogara gare shi fiye da wanda ya fi kowa ɗaga murya a addu'a.

Girmanta kuwa ba ya zuwa ta wurin matse zuciya. Amincewarka da aboki tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ka san shi. Don haka Allah ya ba mu Maganarsa, da addu'a, da baftisma, da jibin Ubangiji inda muke taɓa gurasa da ƙoƙo da hannunmu, da zumuntar 'yan'uwa waɗanda za su riƙe mu ranar da ƙafarmu ta yi sanyi. Bitrus ya yi tafiya a kan ruwa muddin yana duban Yesu. Da ya fara nutsewa ya yi kira, nan da nan aka kama hannunsa, tsawatawar ma sai da aka riƙe shi tukuna ta zo.

A zauren nan ba mu yi wa 'yar'uwarmu dogon bayani irin wannan ba, don ba lokacinsa ba ne. Mun ce mata, "Mama, ba ke kika kashe shi ba. Wa kike kira dukan watannin nan uku?" Ta ce, "Yesu." Muka ce, "To, kin kira wanda ya kamata, ya kuma ji ki. Dalilin da ya sa bai bar miki yaron ba, ba mu sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, kada ki saurare shi." Muka buɗe mata Ayyukan Manzanni sura 12 muka karanta tare, daga Yakubu har zuwa Roda. Da muka kai inda masu addu'a suka ce yarinyar ta haukace, sai ta yi ɗan murmushi cikin hawaye. Ta yi makonni ba ta iya yin waƙa a sujada ba, takan zauna a benci na baya ta yi shiru, matan zumunta biyu suna zama kusa da ita. Ranar jibin Ubangiji na watan da ya biyo baya, da aka zo layinsu, ta miƙa hannu ta karɓa.